Abin da Ka Bari a Kwanar Layinmu

Madaki, Gombe.

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, cikin sunan Ubangiji wanda ya kai ka Bauchi lafiya. Ina roƙonsa ya tsare fitarka da shigarka, ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa a sabon wurin aikinka, ya raba ka da sharrin hanya, wanda zai same ka da wanda zai sami wani ta hannunka. Mu nan muna da rai. Ba zan ce muna lafiya ba, don ban saba yi maka ƙarya da baki ba, ba kuwa a takarda zan fara ba.

Kada ka karanta wannan a tsaye a bakin ofis abokan aiki suna leƙe. Nemi wuri ka zauna. Na san halinka, sai ka duba farko ka duba ƙarshe ka ce Mama ce da dogon surutunta, ka cusa a aljihu. Wannan karon ka karanta duka, don babu labarin awaki ko na wanda ya haihu a ciki.

Ranar da ka tafi, ka buge Goggo Hajjo mai nono da motarka a kwanar layinmu. Ƙashin ƙugunta ya karye, tana kwance a asibiti. Kuma an tsare wani bawan Allah a caji ofis a kan abin da kai ka yi.

Ka tuna yadda safiyar ta kasance. Unguwa ta fito yi maka rakiya kamar yadda muke yi wa kowane ɗa da zai bar gida, Musulmi da Kirista, a taka da shi har bakin babban titi ana sa masa albarka. Kai kuwa ka yi dariya ka ce wa ya taɓa yi wa mai mota rakiya da ƙafa, kowa ya tsaya a ƙofar gidansa ya ga yadda ake tashi a zamanin yanzu. Aka yi dariya, har da ni. Ka ƙure rediyo, ka taka totur, farar motar nan ta zabura. Kafin in sauke hannun da na ɗaga maka har ka kai kwanar shagon tela.

A daidai lokacin Goggo Hajjo ta fito daga lungu da ƙwarya a ka za ta tsallaka. Kai ba ka taɓa ɗaukar abin da ya fi littafi nauyi ba, saboda haka bari in gaya maka abin da ba a koya maka a makarantar ƙere-ƙere ba. Mace mai kaya a ka ba ta juya wuya. In tana son ganin abin da ke gefenta sai ta juya gangar jikinta gaba ɗaya, a hankali, kada nono ya zube. Shi ya sa masu nono da kunne suke tsallaka hanya. Tsofaffin motocin da ta sani tun daga nesa suke shelar zuwansu, suna tari suna nishi. Taka sabuwa ce, a kan kwalta mai santsi, kafin kunnenta ya kai mata labari ka iso. Ka sha kwanar, gefen motar na baya ya kwashe ta, ta faɗi a bakin kwata. Na ga nono yana malala a kan baƙar kwalta, na ga ƙafarta ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa.

Mutane suka ɗaga hannuwa suna kiran sunanka. Kai kuma ka fito da hannu ta taga ka ɗaga mana, ka danna hon, ka wuce. Iliya, na shekara hamsin da wani abu a duniya, na ga mutuwa na ga gobara, ban taɓa ganin abin da ya daskarar da ni kamar wannan hannun naka ba. Na zaɓi in yarda ba ka ji komai ba, rediyo ce ta cika maka kunne, kuma ka ɗauka ban kwana ake maka. Na zaɓa ne, don in ban yarda da haka ba ban san wanda na haifa ba. In akwai wani abu daban, kai da Mahaliccinka kuka sani.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ni ce da kaina. Matar nan tana ƙasa tana salati, abu na farko da uwarka ta yi shi ne waiwayawa in ga su wa suka gani. Ni da nake gaban zumuntar mata a coci ina koya wa 'yan mata labarin wanda ya tsaya ya taimaki mai rauni a hanya. Sai da matar tela ta ture ni ta wuce a guje sannan ƙafafuna suka tuna aikinsu.

Wata babbar motar auduga ce ta shigo layin a bayanka, cikin waɗanda suka mai da ƙofar gidanmu hanyar yanke zuwa gidan gurzar auduga. Direbanta, Ɗanlami sunansa, mutumin Jekadafari ne, ya tsaya ya sauko. Shi ya cire rigarsa ya tallafe mata ƙugu, shi da tela suka ɗora ta a gaban motarsa suka kai ta asibiti. A can 'yan sanda suka ga direba, suka ga jini a jikinsa, suka ga tsohuwa a karye, ba su ga bukatar dogon bincike ba. Ya yi ta rantsuwa cewa wata farar ƙaramar mota ce, aka ce masa duk haka suke cewa. Suka tafi da shi.

Zan koma kan wannan. Amma kwanakin nan na zauna na yi ta juya abin a raina, na ga ba kai kaɗai ka tuƙa motar nan ba. Akwai hannuna a sitiyarin, kuma tun da aikin hanya gwamnati ta ɗauke ka, gara ka ji inda na yi kuskure kada ka je ka maimaita shi a ƙofar gidan wasu.

Ka san yadda layinmu yake kafin kuɗin mai su zo. Rairayi ne, da damina kuma taɓo. Mota in ta shigo sai ta yi ta rangaji kamar tsohuwar jaka, yaro mai rarrafe ma yana iya kauce mata. A nan muke shanya kuɓewa da barkono, a nan ake shimfiɗa tabarmi in an yi rasuwa ko suna, a nan tsofaffi suke zama da la'asar. Ba mu taɓa ɗaukarsa titi ba, tsakar gida ce ta kowa. Ni ce na gaji da wankin taɓo. Ni na tara mata muka hana Mai Unguwa sakat, muka ce unguwanni duk an zuba musu kwalta, mu me muka yi wa gwamnati. Da aka zo zubawa na dafa wa leburori wake da shinkafa don murna. Kuma ka tuna darbejiyar nan da ke tsaye a kwanar, wadda kowane direba sai ya taka birki ya kewaye ta? Shugaban leburorin ya tambaya ko a bar ta, hanyar ta ɗan karkace. Na ce a sare, ganyenta ya ishe ni shara. Da bakina na faɗa. Kwalta ta tashi daga bangon wannan gida zuwa bangon wancan, ba a bar wa ƙafa ko taku ɗaya ba, mu kuwa muna tafi muna cewa mun zama birni.

Ba mu daina shanya kuɓewa ba, ba mu daina shimfiɗa tabarmi ba. Mu muna nan a zamanin rairayi, motoci suna zamanin kwalta. Babu wanda ya zo ya ce mana abin da muka roƙa ke nan.

Saboda haka, duk ranar da aka aike ka zuba kwalta a cikin unguwa, kada ka fara da awo. Ka je da ƙafa da yamma ka zauna a kan dakali ka ga wa ke amfani da wurin. Ka ga inda mata suke tsallakawa zuwa injin niƙa, da inda ake fitowa daga masallaci a cika hanya, da ƙofar da ke buɗewa kai tsaye a kan titi. Ka bar wa mai ƙafa wurinsa, ko da motar za ta matsu. In akwai itace a kwana ka bar shi, in kuma wata mai baki irina ta ce ka sare, ka ce mata to, ka ƙi sarewa. Mutanen unguwa suna gaya maka abin da ya dame su yau ne, kai aka biya wa kuɗin makaranta don ka hango musu na gobe.

Kuskurena na biyu ya fi wannan kusa da kai. Ka tuna ranar da ka fara zuwa da motar daga Jos, ka shigo kana taƙama cewa ka karya kumallo a can kuma ga ka ko tuwon rana ban ɗora ba? Babanka ya ce wannan ba tafiya ba ce, ganganci ne. Ni kuwa na rangaɗa guɗa, na ce masa ya bar yaro ya ji daɗin zamaninsa, shi da keke ya tsufa. Ran Lahadi ba wadda ban ba labarin ba a ƙofar coci. Daga ranar, duk lokacin da ka shigo layi kana tayar da kaji, sai in ji wani daɗi a raina in ce ɗana ne. Na ga Malam Tela yana janye benci in ya ji zuwanka, na ga mata suna fizge yara, na ɗauka girmamawa ce. Ashe tsoronka suke ji, kunyar idona ta hana su magana. Ni na koya maka cewa gudu abin yabo ne.

To yau na janye guɗata. Ban san lambobin da ke jikin agogon motarka ba, kuma ba na bukatar in sani. Ga nawa ma'aunin. In kana cikin unguwa, inda ƙofofin mutane suke, ka yi tafiyar da za ka iya gaida wanda ke zaune a ƙofar gida, ya amsa, ka ji amsarsa. In ka wuce kafin ya gama cewa lafiya lau, ka yi gudu. Ka kashe rediyo, ka sauke gilashi. In ka ga mai kaya a ka, ka ɗauka ba ta gan ka ba, don ba ta gan ka ba ɗin. In ka zo kwana ka ɗauka akwai mutum a bayanta. Hon ba birki ba ne, danna shi ba ya ɗauke tsohuwa daga hanya. Kuma in ka ga mutane sun ɗaga maka hannu, ko ka tabbata gaisuwa ce, ka tsaya. Ba a taɓa korar ma'aikaci don ya makara da tsawon gaisuwa ɗaya ba.

Yanzu in koma kan Ɗanlami. Da yammacin ranar maza suka taru a zauren Mai Unguwa. Ba a kira mata ba, amma ka san zauren nan, abin da aka faɗa a ciki kafin a tashi ya riga ya kai bakin rijiya. Suka ce kai ne ɗan unguwar nan na farko da ya sami irin wannan muƙami. Suka ce in maganar ta kai Bauchi aikin ya tafi, alhali ko albashin farko ba ka karɓa ba. Suka ce mai motar audugar attajiri ne, zai san yadda zai fitar da direbansa, kuma dama motocin audugar nan sun daɗe suna neman kashe wani a layin, in ba su yi yau ba za su yi gobe. Aka tashi a kan cewa babu wanda ya ga komai. Tela ma, da ya riƙe ƙafar Goggo har asibiti, aka ce ya ce yana cikin shago kansa a kan keke.

Iliya, waɗannan mutanen kirki ne. Liman yana wurin, dattijon cocinmu yana wurin. Su suka haƙa kabarin ƙanwarka, su suka tara maka kuɗin mota ranar da za ka tafi sakandare. Don ƙaunarka suka yi, kuma wannan ne ya sa abin ya fi gigita ni. Da maƙiya ne suka ƙulla ƙarya da na san yadda zan yi da su. Mai Unguwa da kansa ya tako har ƙofar gida ya ce mini, Maman Iliya, ki kwantar da hankalinki, ɗanki ɗanmu ne, mun rufa. Na durƙusa na yi masa godiya. Ka ji ni, godiya na yi.

Babanka ya dawo daga zauren ya zauna a kujerarsa. Na tambaye shi me ya ce a wurin. Ya ce bai ce komai ba. Na ce shi ke nan? Ya ce ɗa ɗaya ya rage masa.

Na je asibiti da kunu. Goggo Hajjo tana kwance an ɗaure mata ƙafa da wani ƙarfe, ta ƙanƙance, kai ka ce ba ita ce ke tahowa daga rugarsu ta wajen Kwadon da ƙwarya a ka tana rigan 'yan mata isowa ba. Likita ya ce in Allah ya so za ta taka da sanda, amma ita da ɗaukar kaya har abada. Ka san abin da wannan yake nufi ga macen da ke ci da wuyanta. 'Yan sanda sun tambaye ta, ta ce ba ta ga motar ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ta kama hannuna tana miyetti, miyetti, tana gode mini da kunun da ko kurɓa ba ta iya yi. Sannan ta ce, da Hausarta mai karkacewa:

"Yaron ya tafi lafiya? Man shanu na kawo masa na guzuri, ban same shi ba."

Na ce ya tafi lafiya. Na fito na zauna a ƙarƙashin barandar asibitin na rasa inda zan sa kaina. Matar nan tun kana goye take kawo nono gidanmu. Lokacin da na yaye ka ka ƙi cin komai, kindirmonta ne kawai ke shiga bakinka. Gidanmu za ta zo da ta tsallaka.

A unguwa kuwa maza suka huce haushinsu a kan hanya. Suka fito da diga da shebur, suka kwaso jar ƙasa suka yi tudu-tudu a gicciye, ɗaya a kwana, ɗaya a ƙofar masallaci, ɗaya kusa da gidanmu. Tela ya samo allon kwano ya rubuta A HANKALI da fenti ya kafa. Motocin auduga da suka ga haka suka koma babban titi, masu ƙananan motoci suna zuwa suna tsaki suna hawa kamar masu ciwon baya. Sai ga wani jami'i da guntun wando ya zo ya ce wa ya ba mu izinin ɓata hanyar gwamnati, a kwashe. Mai Unguwa ya ce masa a kawo takarda daga sama tukuna. Har yanzu tudun suna nan, ana jiran takarda. Ina gaya maka ne don wata rana kai za ka zama mai guntun wandon nan. In ka tarar mutane sun tara ƙasa a kan kwaltarka, kada ka fara da faɗa. Ka tambaye su wa aka buge, don ba a ɗaukar diga a kan titi sai an ga jini. Sannan ka yi musu tudun da ya fi nasu kyau, ka sa fenti yadda direba zai hango, ka kafa musu allo na gaskiya.

Amma na lura da wani abu. Duk wanda ya zuba shebur ɗaya na ƙasa sai ka ga ya ji sauƙi a ransa, kamar ya biya abin da ake binsa. Hanya ta gyaru, Ɗanlami kuwa yana nan a tsare. Mai motar da aka ce zai fitar da shi ya aiko aka ɗauki motarsa da audugarsa, ya ɗauki sabon direba.

Shekaranjiya ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji sallama. Wata yarinya ce da goyo, da tsohon ciki kuma, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta ce ita matar Ɗanlami ce, daga Jekadafari ta tako. Tun safe take bin layin gida-gida tana tambaya ko akwai wanda ya ga abin da ya faru, kowa ya ce mata yana ciki a lokacin. Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa. Ta sha ta ajiye kofin, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mijinta ya gaya mata da ya sauko daga mota akwai wata dattijuwa mai farin kallabi a tsaye a ƙofar gida mai shuɗiyar ƙofa, tana kallon komai. Ta dubi ƙofarmu, ta dubi kaina. Ta ce:

"Mama, ke ma ba ki gani ba?"

Na buɗe baki in faɗi abin da aka tsara, sai na dubi fuskarta. Yarinyar nan ba ta kai ƙanwarka ba da tana raye. Na ce mata ta jira ni in ɗauko mayafi.

Babanka yana zaune yana jinmu. Da na zo wucewa ya ce, Saratu, ki yi tunani. Na ce na yi, tun ranar ba abin da nake yi sai shi. Bai tare ni ba, bai kuma bi ni ba.

Muka taka tare da ita har caji ofis. Na gaya wa saje abin da idona ya gani, daga tashinka har hannun da ka ɗaga. Ya tambayi lambar motar, na ce ban iya lamba ba, amma na san mai ita, ni na haife shi. Ya ajiye alƙalami ya dube ni. Sannan ya rubuta sunanka, ni na faɗa masa harafi-harafi. Kafin la'asar aka saki Ɗanlami. Ya fito ya rame, ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya tashi don Allah, kunya za ta kashe ni.

Sajen ya yi mini alfarma ɗaya. Ya ce ba zai aika Bauchi wurin shugabanninka ba tukuna, zai ba ka dama ka zo da ƙafarka kafin ƙarshen mako mai zuwa. Ya ce wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba ɗaya suke ba a gaban alƙali. Bai yi mini alkawarin aikinka zai tsira ba, ni ma ba zan yi maka ba. Mai yiwuwa ka rasa shi. Mai yiwuwa a karɓe lasisinka, ko abin da ya fi haka. Na san abin da na jawo maka, ban yi shi cikin ruɗu ba.

Ga shawarata ta ƙarshe, kuma ita ce mafi wuya. Ka je wurin shugabanka da kanka ka gaya masa kafin ya ji a bakin wani. Ka bar motar a can, ka hau ta haya. In ka iso kada ka fara da gida. Ka fara da asibiti, ka durƙusa a gaban Goggo Hajjo ka gaya mata da bakinka, don har yanzu ba ta sani ba. 'Ya'yanta sun sani, sun ce ba za su faɗa mata ba, wanda ya yi shi ya faɗa. Kada ka je da uzuri, kada ka ce rediyo, kada ka ce kwana. Daga nan ka wuce Jekadafari ka nemi gidan Ɗanlami. Sannan caji ofis. Abincin Goggo Hajjo kuma daga yau a wuyanka yake, da aiki ko ba aiki, ko da dako za ka yi.

Unguwa ta yi mini shiru. Matan da muke daka tare suna gaishe ni a taƙaice. Mai Unguwa ya aiko cewa na kunyata dattawa, kuma bai yi ƙarya ba. Babanka yana cin abincina amma bai dube ni ba tun ranar. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba na so shi ne ka iso kana neman wanda ya tona maka asiri a cikin maƙwabta. Babu ko ɗaya. Sun tsaya maka har sun sa wani a wuta dominka. Ni ce na faɗa, ni kaɗai, kuma da za a mai da ni ranar zan sake faɗa.

Allah ya kiyaye hanyarka ta dawowa, ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka shiga ɗakin asibitin nan, ya tashi kafaɗar Goggo Hajjo, ya yafe mana ni da kai. Ban daina ƙaunarka ba ko na ƙiftawar ido, ka riƙe wannan ko da ba ka yarda da shi yau ba. In fushi za ka yi da ni, ka yi, kana da dalili. Amma ka zo ka yi shi a gida, inda zan riƙa ganinka.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu.